Kuɗin tayil ɗin masallaci da iyalan da ke kwana a kango

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni ne ma'ajin kwamitin masallacin unguwarmu a Gusau. Tun kafin faɗuwar damina wasu iyalai uku suka gudo daga ƙauyensu bayan 'yan bindiga sun ƙone musu rumbuna sun kore dabbobinsu. Mata da yara suna zaune a wani kango marar ƙofa a bayan masallaci, mazan kuma suna kwana a baranda. Yanzu mai kangon ya ce zai ci gaba da gini, su tashi. Akwai kuɗi a hannuna da jama'a suka tara don sa tayil da sola. Wasu sun ce a ɗiba a kama musu haya, wasu sun ce haramun ne. Wani ya ce a mayar da matan sashen mata na masallaci. Wani alhaji mai gidajen haya ya ce zai ba su ɗakuna, ya lissafa kuɗin hayar a cikin zakkarsa. Ɗaya daga cikin iyalan kuma Kirista ne. Mene ne hukunci? Allah Ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah Ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin ka taɓa kuɗin mutane. Amma kafin a je kan kuɗin, akwai abin da nake so kwamitinku ya fara sani, domin daga yadda ka kawo gardamar na fahimci ana kallon lamarin kamar alfarma ce za a yi wa baƙi. Sama wa waɗannan mutane wurin kwana farilla ce ta kifaya a kan mutanen unguwarku. Idan wasu suka yi, ta faɗi a kan kowa. Idan aka bar mace da goyo ruwa yana dukansu a kango, duk mai hali da ya sani ya yi shiru yana da kason zunubi. Sa tayil kuwa ko mustahabbi sai an yi da gaske kafin a kira shi, tunda sallar da aka yi a kan siminti da tabarma ba ta ragu da komai ba.

Muslim ya ruwaito daga Jarir ɗan Abdullahi cewa wasu mutane daga ƙabilar Mudar sun zo Madina ba takalmi, ba suturar kirki. Da Manzon Allah (SAW) ya gan su sai fuskarsa ta canza saboda talaucin da ya gani. Ya sa Bilal ya kira salla, aka yi, ya yi huɗuba, ya ce mutum ya ba da sadaka daga dinarinsa, da dirhaminsa, da tufarsa, da sa'in alkamarsa, da na dabinonsa, ko da tsagin dabino ne. Aka yi ta kawowa har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi, fuskarsa ta yi haske. Ka lura, bai jira lokacin zakka ba, a take ya tara jama'a. Ibn Hazm kuma ya faɗa ƙarara cewa wajibi ne a kan mawadatan kowane gari su ɗauki nauyin talakawansu idan zakka ba ta isa ba: abincin da ba makawa sai da shi, tufafin sanyi da na zafi, da mazaunin da zai kare su daga ruwan sama da rana da idon masu wucewa. Kango marar ƙofa bai cika ko ɗaya daga cikin waɗannan ukun na ƙarshe ba.

To, kuɗin da ke hannunka fa? Amana ne, kuma kai wakili ne. Wanda ya miƙo maka dubu biyar ya ce ta tayil ce ya ɗaure ta da sharaɗi, kuma ƙa'idar malamai ita ce ana bin sharaɗin mai bayarwa matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Saboda haka bai halatta kai ko kwamiti ku juya kuɗin zuwa haya da ra'ayin kanku ba, ko da hayar ta fi tayil lada, kuma ta fi. Waɗanda suka ce haramun ne sun yi daidai a wannan gaɓar. Inda suka yi kuskure shi ne tsayawa a nan, kamar ba wata ƙofa.

Ƙofar a buɗe take, kuma mai sauƙi ce: ku koma wa masu kuɗin. Liman ya tashi bayan sallar da ta fi cika, ya faɗi halin da ake ciki ba tare da kiran sunan kowa ba, ya ce kwamiti na neman izinin mayar da kuɗin tayil zuwa haya, wanda bai yarda ba ya zo ya faɗa a ware nasa. Manyan masu bayarwa da sunansu ke littafinka ka same su ɗaya bayan ɗaya. Da izini, haramcin ya tafi. Na kuma fi so a haɗa da sabuwar gudummawa a ranar, irin ta mutanen Mudar, don sau da yawa abin da za a tara a zama ɗaya ya isa, ba sai an taɓa na tayil ba. Idan kuma akwai akwatin da aka saba cewa na masallaci ne da ayyukan alheri, kuma mutane sun san daga cikinsa ake taimakon marar lafiya da sayen likkafani, wannan ba ya buƙatar sabon izini, al'adar da aka sani ta tsaya a matsayin sharaɗi.

Idan abin ya zo da gaggawa, mai kango ya watso kayansu waje yau kuma hadari ya haɗo, ina ganin babu laifi kwamiti ya ranci abin da zai biya buƙatar daga asusun, a rubuta, a sa shaidu, a mayar da zarar an tara. Wasu malamanmu na Malikiyya suna cewa abin da yake na Allah babu laifi a taimaki sashensa da sashe. Sai dai sun fi faɗin haka a kan rarar waƙafi, don haka ban mayar da shi hanyar yau da kullum ba. Rance na ce, kuma na lalura.

Zakka ita ce hanyar da ta fi ƙarfi, kuma na ga ba ku ba ta muhimmanci ba. Iyalan nan Musulmi suna cikin kaso biyun farko na aya ta 60 a Suratut Tauba, faƙirai da miskinai. Kada wani ya ce ai suna da gonaki a ƙauye. Gonar da mai ita ba ya iya takawa sai ya sayi ransa ba ta mayar da shi mawadaci. A hadisin Ƙabisa da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ambaci mutum uku da roƙo ya halatta gare su, ɗaya shi ne wanda bala'i ya auka wa ya share dukiyarsa, har sai ya samu abin da zai tsayu da ƙafarsa. Wanda ya yi da'awar talauci aka ce sai mutum uku masu hankali daga mutanensa sun shaida, amma ba a ambaci haka a kan mai bala'i ba, don abinsa a fili yake. Hukuncin ɗaya ne ga wanda aka ƙone wa rumbu da wanda ruwa ya ci gidansa, kamar mutanen Gwange da sauran unguwannin Maiduguri da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle musu a watan Satumba na 2024.

Nawa za a ba su? Shaihu Khalil, malamin Malikiyya mai littafin Mukhtasar, ya bayyana cewa ya halatta a ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara, ko da ya wuce nisabi, kuma ko da yana da ƙarfin nema. Mazauni yana cikin abin da ke isar mutum. Tunda a garuruwanmu hayar shekara ake biya gaba ɗaya, ya halatta mutum ɗaya ya ba iyali ɗaya zakkarsa dukkanta ta zama kuɗin haya. A ganina wannan ya fi abin da muka saba, a canjo sababbin kuɗi a raba wa mutum ɗari a ƙofar gida, kowa ya sayi abincin yini ɗaya ya koma inda ya fito. Sharaɗin shi ne kuɗin ya zama mallakinsu. Ko a damƙa wa maigidan a hannu, ko a ce masa ga zakka an ba ka, ka wakilta mu mu biya maka haya? Idan ya ce e, sai a kai wa mai gida, a rubuta takardar da sunansa shi, ba da sunan kwamiti ba. Wanda zakkarsa ta kusa, saura kamar wata guda, zai iya gaggauta ta a mazhabarmu, wasu mazhabobin ma sun yalwata fiye da haka. Ku kuma rubuta wa Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, amma kada ku zauna jiran amsa.

Shi kuwa alhaji, Allah Ya karɓi niyyarsa, amma yadda ya tsara bai isar masa ba. Zakka dukiya ce ake cirewa a mallaka wa talaka, shi kuma babu abin da ya fita daga hannunsa, zama ne kawai ya bari aka yi. Ko bashin haya ne ya taru a kan talaka mai gida ya ce na yafe a madadin zakka, malamanmu sun ce bai isar ba, don ya tsare dukiyarsa ne da zakkarsa. Yana da mafita biyu. Ya ba su ɗakunan kyauta ko a kan rangwame, sadaka, ya fitar da zakkarsa daban, wannan ya fi. Ko ya ba su zakkar a hannu ba tare da sharaɗi ko ƙulla wata yarjejeniya ba, in sun ga dama su kama haya a wurinsa, in sun ga dama su nemi wani wuri. Kuma zakkar wasu mutane ta halatta a biya shi haya da ita.

Kwana a masallaci yana da asali. Ahlus Suffa, wato talakawan sahabbai marasa gida, a rumfar masallacin Annabi (SAW) suke zaune, Abu Huraira yana cikinsu, ya ce ya ga mutum 70 daga cikinsu babu mai cikakkiyar sutura. Abdullahi ɗan Umar ma yana kwana a masallaci yana saurayi. Har mace: Bukhari ya kawo labarin wata baƙar baiwa da aka 'yanta, aka zarge ta da satar jan abin ado na fata alhali shirwa ce ta sure shi ta zaci nama ne. Bayan gaskiya ta fito ta zo Madina ta musulunta, kuma Nana A'isha ta ce tana da 'yar bukka a cikin masallaci. Don haka mazan da ke baranda kada a kore su, kada ladan ya riƙa yi musu gori.

Duk da haka ban ba ku fatawar mayar da mata da yara sashen mata su zauna ba, sai na dare ɗaya ko biyu idan babu ko'ina. Malamanmu sun halatta zama a masallaci ga namijin da ya keɓe don ibada, ba su halatta wa mace ba, saboda haila da jinin biƙi suna hana zama a cikinsa, ga fitsarin yara, ga girki, ga miji da mata da ba su da wurin keɓewa. Idan kuna da ajin Islamiyya ko ɗakin ajiya da ba a yi waƙafinsa don salla ba, wannan ba shi da hukuncin masallaci, a share a sa labule da makulli su shiga kafin a samu haya. Wanda kuma yake da shago a zaure ko ɗakin da ba kowa, ya tuna mutanen Madina gidajensu suka buɗe wa Muhajirai, Allah Ya yabe su a aya ta 9 ta Suratul Hashri. A kiyaye hijabi da keɓewa da wanda ba muharrami ba, a kuma yanka lokaci tun farko, wata uku ko shida, don kada zumunci ya koma gaba.

Iyalin Kirista ba a ba su zakkar farilla, a kan haka mazhabobi huɗu suke, saboda hadisin Mu'azu cewa ana karɓa daga mawadatan Musulmi a mayar wa talakawansu. Sadaka da gudummawa kuwa sun halatta, kuma da lada. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ce Allah bai hana ku kyautata wa waɗanda ba su yaƙe ku ba, ga kuma haƙƙin maƙwabtaka. Bindigar da ta koro su ita ta koro sauran. Sai ka buɗe shafi biyu a littafinka, na zakka daban, na sadaka daban, a biya musu daga na biyun, ɗakinsu kada ya gaza na sauran, kuma kada a ɗaura taimakon da sharaɗin su musulunta.

Abu uku nake roƙon kwamiti. Kada a ɗauki hoton matan mutane da 'ya'yansu a sa a Facebook da sunan neman taimako ko nuna aiki, aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Sannan cikin abin da aka tara a ware ɗan jari. Waɗannan manoma ne, ba su saba miƙa hannu ba. Abdurrahman ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, cewa ya yi a nuna masa kasuwa. Baro, ko kurar ruwa, ko buhun gawayin da uwargida za ta riƙa kasawa, shi zai biya hayar shekara ta biyu. Ku je wa mai kangon kuma, kai da liman, ku roƙe shi ya ƙara musu mako biyu. Haƙƙinsa ne ya yi gininsa, ba a tilasta shi, amma da wuya ya ƙi idan ya ga an sa rana.

Allah ne Mafi sani.