Tambaya Da Amsa: Zuwa Limbe, Garin Da Ke Gindin Dutse Mai Aman Wuta

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗan kasuwa ne daga Ƙofar Marusa a nan Katsina, abokin hulɗata ya gayyace ni Limbe ta ƙasar Kamaru, amma Hajiyarmu ta ce sam ba inda za ni, wai garin yana ƙarƙashin dutse mai aman wuta. Don Allah mene ne gaskiyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Hajiya ba ta faɗi ƙarya ba, Limbe tana bakin tekun Atlantika ne kuma Dutsen Kamaru yana tsaye a kanta, tsayinshi ya haura mita 4,000, kuma da ranshi, bai mutu ba. Ya yi aman wuta a 1922 da 1959 da 1982, sannan 1999 da 2000. Amma ka gane irin amanshi, narkakken dutse ne yake kwararowa a hankali kamar an kifar da tukunyar kunu mai kauri, a 1999 sai da ya ɗau makonni yana gangarowa kafin ya ƙetare titin da ya tashi daga Limbe zuwa Idenau kusa da ƙauyen Bakingili, an samu lokacin kwashe mutane, ya tsaya gab da teku. Ni na tsaya a wurin, baƙin dutse ne tuli guda ya fi gida tsayi, in ka taɓa shi kaushi kamar gawayin maƙera, titin ma kewaye shi aka yi. Kuma kafin ya tashi yakan yi gargaɗi da girgizar ƙasa, akwai masu sa mashi ido da na'urori a garin Ekona.

Wataƙila abin da Hajiya ta tuna shi ne Tafkin Nyos, wanda a 1986 iskar gas ta fito daga cikinshi da dare ta kashe mutum sama da 1,700. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. To shi wannan yana can nesa ne a yankin Arewa maso Yamma na Kamaru, ba ruwanshi da Limbe.

Abin da ni ya fi damuna a kanka wallahi ba dutsen ba ne, tekun ne. Mu mutanen tudu da muka koyi iyo a kududdufi ko dam ɗin Ajiwa, in muka ga ruwa sai mu ɗauka duk ɗaya ne, alhali teku yana da igiyar da ke jan mutum ta ƙasa ta yi ciki da shi ko da ruwan iya ƙugu yake. Ka je ka ga baƙin yashin nan da aman dutsen ya haifar, ka jiƙa ƙafa, ka zauna a bakin tekun da ake kira Down Beach ka ci gasasshen kifi da soyayyar ayaba masu kwale-kwale suna sauke kamu a gabanka, amma kar ka shiga ruwa sai inda 'yan gari suka ce ma ka shiga.

Na biyu tsaro. Tun 2016 yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru, inda Limbe take, yake cikin rikici, kuma ranar Litinin akan yi zaman gida dole a wurare da dama, don haka kar ka sa tafiya ranar, kar ka yi tafiyar dare, duk inda za ka abokin naka ya sani. In da hali ka sauka Duwala ta jirgi, daga can wajen kilomita 70 ne a mota.

Sai ruwan sama, kai ka manta da daminar Katsina, a ƙauyen Debundscha da ke kusa da Limbe ana samun wajen milimita 10,000 a shekara. Ka je tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin ne kuma za ka ji daɗin zagaya lambun itatuwan da Jamusawa suka kafa a 1892 da gidan namun daji mai gwaggon biri.

Kamaru ba ta cikin ECOWAS, ka riƙe fasfo ɗinka da katin rigakafin shawara, ka canza kuɗinka zuwa sefa, ka tafi da maganin maleriya. Nama kuma ka tambaya kafin ka ci, ko ka nemi mahautan Hausawa ta wajen masallaci.

Ita kuma Hajiya ka zauna ka karanta mata wannan da kanka, ka ba ta lambar abokin naka su gaisa, in hankalinta ya kwanta ta sa ma albarka sannan ka sayi tikiti.