Tambaya da Amsa: 200 ta yi aiki, 500 ta ƙi

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ina koyon Python ne, harshen rubuta furogiram, na rubuta wa shagon kawuna ɗan furogiram da zai duba ko kuɗin da kwastoma ya bayar ya yi daidai da farashin kaya, na sa "is" wajen kwatantawa saboda wani abokina ya ce ya fi sauri, na gwada da naira 50 da 100 da 200 duk lafiya lau amma da aka shigar da 500 sai ya ce ba daidai ba alhali wallahi daidai ne. Don Allah ina matsalar take? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kwamfutarka ba ta da laifi, "is" ɗin ne ba aikinsa ke nan ba. Shi ba ya duba ko lambobi biyu darajarsu ɗaya, abin da yake dubawa shi ne ko abu guda ne tak a ma'ajiyar kwamfuta. To CPython, wato manhajar Python ɗin da kusan kowa ke saukewa, tana tanadar lambobi daga -5 zuwa 256 tun tana tashi, duk wanda ya nemi 200 wannan ɗayar za a miƙa masa shi ya sa ka ga ya yi, ita kuwa 500 da aka shigar sabuwa ake ƙerawa. Dabara ce ta masu ginin don sauri, harshen bai taɓa yi maka alkawarinta ba, gobe suna iya canzawa ba su nemi izininka ba. Tun Python 3.8 a 2019 ma idan ka rubuta "is" da lamba kai tsaye sai ta gargaɗe ka.

Abokinka zai iya cewa ai irin wannan dabarar takan zama doka, ya kawo maka zancen dict, wato ma'ajiyar Python mai haɗa kowane abu da sunansa, wai a Python 3.6 ta fara riƙe jerin yadda aka zuba abubuwa ba da alkawari ba, sai a 3.7 a 2018 aka mai da shi doka. Gaskiya ne, amma sa'a ce aka taka, su masu harshen Go da suka ga mutane na jingina da jerin map, wato irin dict ɗinsu, ai da gangan suka hargitsa shi don kowa ya daina.

Abin da ya fi damuna kuɗin mutane ne a nan, kwastoma ya biya cif a ce masa bai cika ba, rigima ce a gaban shago. Ka mayar da shi "==" yau ɗin nan, shi ne mai duba ko darajar ɗaya ce, ka bar "is" wa None, wato alamar babu komai a Python, sannan in za ka gwada kada ka tsaya a ƙananan kuɗi, sa 257 da 1000 da 25000 ka gani.