Lasisi Ya Fito, Aiki Bai Zo Ba: Amsar Wasiƙunku Kan Aikin Jinya

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato zaman jiran da ke biyo bayan gama makarantar jinya. Ma'aikatan jinyar da ke taimaka wa wannan fili a Kumasi, ƙasar Ghana, ne suka amsa. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma cire sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na gama difloma a aikin jinya, na ci jarrabawar lasisi, na yi shekarar roteshan, wato zagayen ɗakunan asibiti na hidimar ƙasa. Yau wata goma ke nan ina zaune a gida, kullum ana cewa a jira kiliyarans. Wa ke ba da shi, kuma me zan yi kafin ya fito? Daga wata ɗiya a Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yarmu, Allah ya sanya albarka a karatun. Ma'aikatar Lafiya ba ta da ikon sa sunan kowa a jerin masu albashi sai Ma'aikatar Kuɗi ta rubuto cewa akwai kuɗin biyan mutum kaza. Wannan takardar ake jira. Idan ta fito, Ma'aikatar Lafiya ta sanar da ranar buɗe shafinta na ɗaukar ma'aikata a intanet, ta kuma faɗi 'yan wace shekara ake kira, don bi da bi ake tafiya. A 2024 an ba da izinin ɗaukar ma'aikatan jinya da ungozomomi 15,200, kuma 'yan ajin 2020 ne aka kira. Ki auna da wannan, ki san cewa wata goma ba alamar an manta da ke ba ce.

Abin da ke hannunki shi ne takardu, kuma a nan 'ya'yan zango suka fi tuntuɓe. Ki baje su duka a kan tabarma: takardar haihuwa, sakamakon sakandare, satifiket ɗin makaranta, katin PIN (lambar lasisin aiki) na Majalisar Jinya da Ungozoma, takardar kammala hidimar ƙasa, katin Ghana, da sunan da ke asusunki na banki. Ki karanta sunanki harafi bayan harafi. Sau da yawa za a ga Ayishetu a ɗaya, Aisha a ɗaya. Sunan uba Mohammed a nan, Mahama a can. Ko ranar haihuwa ta bambanta da kwana biyu. A gida duk mutum ɗaya ce, amma kwamfutar ofishin albashi mutum biyu take gani, kuma fayil na iya kwanciya watanni saboda wannan kaɗai. Maganinsa takardar rantsuwa, sannan a buga gyaran a gazet ɗin gwamnati. Yana cin makonni, saboda haka yanzu ne lokacinsa, ba ranar da aka ce ki kawo takardu ba.

Na biyu, kada PIN ɗinki ya mutu. Duk shekara ake sabunta shi, kuma sai da makin ƙaro ilimi da ake tarawa ta halartar bita ko darussan intanet da Majalisar ta amince da su. Masu zaman gida kan ce ai ba sa aiki, me za su sabunta? To, ranar da asibiti mai zaman kansa ya kira ki, abin da zai fara dubawa ke nan.

Ranar buɗe shafi kuwa, ki zauna da kwamfuta da intanet mai ƙarfi tun kafin lokaci, lambobinki a rubuce a gabanki. Za a ce ki zaɓi inda kike son aiki: Hukumar Lafiya ta Ghana, ko asibitocin mishan da ke ƙarƙashin CHAG, ƙungiyar asibitocin Kirista, ko asibitocin koyarwa irin su Komfo Anokye da Korle Bu, ko na Ahmadiyya, ko na masu taɓin hankali. Gurabe a ƙidaye suke, na Ashanti da Accra su ke fara cika. Ki yanke zaɓinki na ɗaya da na biyu da na uku tare da iyayenki tun yau, don a ranar babu lokacin buga waya ana shawara. Kuma ki cike da hannunki. Yaron shagon intanet da ke cike wa mutum ashirin a jere ba zai lura ya sa lambar wayar wata a madadin taki ba.

TAMBAYA: Wani ya zo mini ta hannun abokin kasuwa, ya ce yana da hanya a ma'aikata, in ba shi kuɗin furotokol, wato na neman alfarma, ya sa sunan 'yata a jerin da zai fito. Ya nuna mini hoton takardar ɗaukar aiki ta wata a wayarsa. In biya? Daga wani uba a Asawase.

AMSA: Baba, kada ka biya. Cike shafin ma'aikata kyauta ne, kuma ma'aikatar da kanta takan yi wannan gargaɗin duk lokacin da za ta ɗauki mutane. Hoton takarda a waya ba hujja ba ce, yaro mai kwamfuta zai haɗa irinta kafin a idar da sallar la'asar. Dabarar da aka fi yi ita ce a karɓi kuɗin iyayen da dama layin 'ya'yansu ya kusa: idan suna ya fito a ce aikinsu ne, idan bai fito ba a ce a jira zagaye na gaba. Wadda ta je da takardar bogi kuma, a wajen shigar da ita tsarin albashi asiri ke tonuwa, kuma ita za a tuhuma, lasisinta ne zai shiga hatsari. Kuɗin nan ka ajiye mata shi, za ta buƙace shi na hayar ɗaki da abinci idan fostin, wato takardar tura ta wurin aiki, ya fito.

TAMBAYA: Wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a wajen Tafo ya kira ni intabiyu. Albashin kaɗan ne, kuma ina tsoron kada karɓarsa ya hana ni samun na gwamnati. Sannan me ake tambaya? Daga wani matashi a Sabon Zango.

AMSA: Ɗan'uwa, ka je. Aiki a asibitin kuɗi ba ya cire sunanka daga layin gwamnati. Abin da zaman gida ke yi wa sabon nas ya fi ƙarancin albashi illa: bayan shekara biyu ba ka taɓa jijiya ba, hannu ya yi nauyi, lissafin magani ya gudu, ka koma ɗaki kana jin tsoron abin da ka iya a da.

Amma ba kowane wuri ake shiga ba. Ka duba bango a wajen karɓar baƙi, ya kamata ka ga lasisin HeFRA, hukumar da ke ba asibitoci izinin aiki, kuma ka duba ko bai ƙare ba. Ka tambaya kai tsaye: da dare wa ke tare da ni? Idan amsar ita ce kai kaɗai, likita sai a waya, kuma ana so ka duba marar lafiya ka rubuta magani, ka yi godiya ka fita. Wannan ya wuce iyakar lasisinka, kuma ranar da wani abu ya faru sunanka ne a fayil. Mu a ganinmu, wurin da ke da tsohuwar sista mai faɗa amma mai koyarwa ya fi wurin da ya ɗara shi albashi ba kowa a kanka.

Batun haƙƙi kuma, Dokar Ƙwadago ta 2003 ta ce aikin da zai kai wata shida dole a rubuta yarjejeniyarsa. Ta sa awa 40 a mako, da hutun shekara na kwanakin aiki 15 aƙalla. Kuɗin fansho kashi 5.5 ake cirewa daga albashinka, mai asibiti ya ɗora kashi 13. Bayan wata uku ka je ofishin SSNIT, hukumar fansho, da katin Ghana ka nemi bayanin asusunka, don akwai masu cirewa ba sa kaiwa. Ka kuma karanta sharaɗin barin aiki kafin ka sa hannu. Doka ta sa sanarwar mako biyu ga yarjejeniyar da ba ta kai shekara uku ba, amma wasu na rubuta fiye da haka, kuma fostin ɗin gwamnati ba ya jira.

A intabiyu ba a cika tambayar tarihin aikin jinya ba, hannu ake son gani. Ka shirya wa irin waɗannan. Likita ya rubuta ruwa mil 500 ya shiga cikin awa huɗu, igiyar tana ba da ɗigo 20 a kowane mil, ɗigo nawa a minti? Ka ninka 500 da 20, ka raba da minti 240, ya ba ka kusan 42. Yaro mai kilo 12 an rubuta masa farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, kwalbar tana da miligiram 120 a mil 5: miligiram 180 ke nan, wato mil 7.5. Allurar atesunet ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani miligiram 2.4 ce a kowane kilo, miligiram 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba, ana yi a farko, bayan awa 12, sannan bayan awa 24. Ka faɗi lissafin da ƙarfi mataki mataki, don masu tambayar sun fi son jin yadda ka bi da shi. Za su kuma jefo maka labari: marar lafiya da ake ƙara wa jini ya fara rawar sanyi, me za ka yi? Amsar farko a tsayar da jinin, a bar jijiya a buɗe da ruwan gishiri ta sabuwar igiya, a auna zafin jiki da bugun jini da numfashi, a kira likita, a ajiye ledar jinin don bincike. Wanda ya fara da "zan kira likita" ya bar jinin yana tafiya ya faɗi.

Idan ba ka san amsa ba, ka ce za ka duba littafin magunguna ko ka tambayi na gaba da kai. Mai ƙirƙirar adadin magani don kada ya ji kunya shi ake gudu. Takardar tarihin aikinka shafi ɗaya ta isa: ɗakunan da ka zagaya a roteshan, wata nawa a kowanne, abin da ka yi da hannunka, da harsunan da kake ji. Kada ka raina wannan na ƙarshen. Nas mai jin Hausa da Twi da Turanci, balle in an ƙara da Dagbanci ko Farafara, kadara ce a kowane asibiti da ke kusa da zango.

TAMBAYA: Fostin ɗina ya fito, amma wani ƙauye aka tura ni can arewa, ga shi ina da aure da jariri. In ƙi zuwa in jira wani? Daga wata uwa a Alabar.

AMSA: Hajiya, ƙin zuwa shi ne mafi munin zaɓi, don wadda ba ta kama aiki ba ba ta da abin da za ta nemi a canja mata, kuma gurbin na iya wucewa. Ki fara kai kanki ofishin lafiya na yankin, su tura ki gunduma, gunduma ta tura ki asibiti, ki karɓi takardar shaidar ranar kama aiki. Daga wannan ranar ake lissafa albashi. Idan kina da dalili mai ƙarfi, a ofishin gunduma za ki faɗa, a rubuce, da takardar aure da ta haihuwar jariri; sau da yawa suna iya sa ki a garin da ke kan titi mai mota maimakon can ciki. Neman canji zuwa wani yanki kuwa sai an yi 'yan shekaru ana aiki.

Ki tafi da guzuri, don albashin farko kan yi watanni kafin lambar ma'aikaci ta fito daga ofishin Akanta Janar. Kowace takarda da kika miƙa ki riƙe kwafinta, ki rubuta ranar da wanda ya karɓa. Ƙauye kuma ba asara ba ne a sana'a: a ƙaramin asibitin ƙauye da ake kira CHPS ke ce awon ciki, ke ce rigakafi, ke ce mai yanke shawarar a tura marar lafiya gaba, kuma masu aiki a wuraren da ke da wahala sukan cancanci hutun ƙaro karatu da wuri fiye da na birni.

TAMBAYA: Za a iya hana ni sa hijabi a bakin aiki? Daga wata ɗaliba a Tafo Zango.

AMSA: Tsarin mulkin 1992, sashe na 21, ya ba kowa 'yancin addini da bayyana shi, sashe na 17 kuma ya hana nuna bambanci saboda addini. Abin da asibiti ke da ikon nema shi ne tsabta: ɗan gajeren hijabi da ake cusawa cikin wuyan riga don kada ya taɓa ciwo ko gado, a wanke kullum, hannu a buɗe daga gwiwa zuwa ƙasa lokacin aiki, a ɗakin tiyata kuma a sa abin rufe kai na ɗakin. Idan kin cika waɗannan aka matsa miki, ki rubuta wa shugabar ma'aikatan jinya, ki ba wakilin GRNMA, ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozomomi, kwafi. In bai warware ba, CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, na karɓar irin wannan ƙorafin.

TAMBAYA: Wani ejan ya ce zai kai ni Ingila aikin nas cikin wata uku. Daga wani matashi a Suame.

AMSA: Ghana na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, shi ya sa ƙa'idar Ingila ta hana kamfanoni zuwa farautar nas a nan, sai dai mutum ya nema da kansa. Hanyar a bayyane take: jarrabawar Turanci ta IELTS da maki 7, ana karɓar 6.5 a rubutu, ko kuma OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya. Jarrabawar kwamfuta da ake yi tun kafin a tashi. Tantancewa daga Majalisar Jinya ta Ghana. Sannan jarrabawar gwajin hannu bayan an sauka can. Idan kuma aikin kula da tsofaffi yake nufi, tun Yulin 2025 Ingila ta daina ba da sabuwar bizar wannan aikin ga masu nema daga waje. Ka tambaye shi sunan asibitin da zai ɗauke ka, ka shiga shafin asibitin da kanka ka ga ko akwai gurbin, kuma kada ka ba shi fasfo ko ainihin satifiket ɗinka ya riƙe.