Amsar Kawu kan zama a sabuwar unguwa

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, na ji daɗin jin kun tare a sabon gidanku na unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maraɗi. Allah ya sa rai aka yi wa.

Ka ce unguwar tsit take, ba ƙarar kabu-kabu, yara na barci da wuri, amma kowa ƙofarsa a garƙame, har yau ba wanda ya leƙo ya ce muku sannu da zuwa. Kana tambaya ko kai za ka bi su, kuma ko aika abinci gidan wanda ba ka sani ba bai zama shisshigi ba.

Kai za ka bi su. A al'ada maƙwabta kan shigo yi wa baƙo barka da zuwa, gaskiya ne, amma da sai baƙon ya fara kai kansa wurin mai unguwa da liman, daga bakinsu ne labari ke bazuwa. Ka yi hakan kafin Juma'ar nan. Ka tafi da goro, ka faɗi sunanka da na mahaifinka da unguwar da ka fito. Bayan nan ka lizimci masallacin da ya fi kusa da kai, musamman asuba da magariba. Mutumin da ka gani a mota gilashi rufe, a sahu kafaɗarsa za ta taɓa taka, kuma a bakin ƙofa wajen neman takalmi ake fara gaisawa.

Kada ka ɗauka girman kai ne ya hana su zuwa. Mu nan Bagalam da Mokoyo da Limanci ba mu fi su kirki ba, tsarin zaman ne ya bambanta. Da ambaliyar 1945 ta ci tsohon gari a bakin gulbi, aka hawo tudu, mutane sun taso ne unguwa-unguwa da maƙwabtansu, wanda kakanka ya sani shi ubanka ya tarar a gefensa. Ga zaure, ga dakali a ƙofar gida, in an yi haihuwa guɗa ce ke sanar da layi gaba ɗaya. Can wurinku kowa fili ya saya da kuɗinsa: wannan malamin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ne, wancan ɗan kasuwa ne da ke kai da komo Katsina ta hanyar Ɗan Isa, wani daga Damagaram aiki ya kawo shi. Kusan duka baƙi ne irinka, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Gidajen kuma an yi su da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, ba zauren da baƙo zai tsaya ya yi sallama. Abin da ya fi damuna da ginin yanzu ke nan.

Batun abinci kuwa ba shisshigi ba ne, sunna ce. Annabi (SAW) ya ce wa Abu Zarri in ya dafa romo ya ƙara ruwa ya tuna da maƙwabtansa. Da Nana A'isha ta tambaye shi wanne za ta bai wa kyauta cikin maƙwabtanta biyu, ya ce wanda ƙofarsa ta fi kusa. To, ku yi sadakar tarewa. A kira malamai su yi addu'a, iyalinka ta soya waina ko ƙosai, a zuba a kwanuka masu murfi. Kada a bai wa mai gadi ya miƙa. Yaranka za su kai, da wankansu, su durƙusa su ce in ji babanmu, mu ne sababbin zuwa. Ka lura da kwanon in ya dawo. Da wuya matar Bahaushe ta mayar da shi wayam, ko dabino ne za ta sa a ciki. Bayan kwana biyu ita ma iyalin taka ta shiga gidajen da kanta da la'asar, lokacin da mata suka sarara.

Shirun da kake yabo ni ma ina yaba shi, yaro na samun karatu, mai jego na samun barci. Sai dai ranar da naƙuda ta tashi cikin dare kana tafiya, ko lantarki ya ɗauke ruwan famfo ya yanke, ba mu da ke cikin gari za mu riga isowa ba. Shi ya sa in ka ji rasuwa a layinku, ko ba ka taɓa ganin mamacin ba, ka ajiye abin da kake yi ka bi gawa, ka zauna zaman makoki. Suna ma haka, tun da sassafe ake zuwa.

Yara kuma kada ka kulle su da telebijin. Ka sa su makarantar allo ta unguwar bayan an taso daga lakwal, wato makarantar boko, kuma ka faɗa wa maƙwabta da bakinka cewa in sun ga ɗanka na ɓarna su tsawata masa, don yanzu ba mai yi sai da izini.

Ka sanar da ni ranar da kuka tsayar don sadakar, zan zo da gwaggonka. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yaran.