Karatun Auna Ido: Likitanci Ne Ko Sayar Da Tabarau?

Tambaya: Malam, na kammala sakandare kuma ina sha'awar karanta fannin auna ido, wato optometiri, a jami'a, amma yayana yana cewa ɓata shekaru ne, tunda a ƙarshe tabarau kawai zan sayar. Shin gaskiyarsa ne? Kuma idan na gama, zan iya yi wa mutane tiyatar ido? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Ƙanwata, yayanki ya haɗa sana'o'i uku ne ya mayar da su ɗaya, kuma mutane da yawa haka suke yi. Likitan tiyatar ido sai ya gama karatun likitanci gaba ɗaya kafin ya ƙware a kan ido, kuma shi ne yake cire yanar ido. Mai haɗa tabarau kuwa gilashi yake yankawa bisa awon da aka rubuto masa. Masanin auna ido shi ne yake yin wannan awon, ya binciki lafiyar idon, ya magance abin da doka ta ba shi dama, ya tura sauran ga likitan tiyata. A mafi yawan ƙasashe ba ya yin tiyata, don haka idan burinki ke nan, to likitanci ya kamata ki nema.

Tsawon karatun ya danganta da ƙasa. A Najeriya shekara 6 ne, sannan a yi shekara guda ta horon aiki a asibiti, yayin da a Amurka sai an yi digirin farko kafin a shiga karatun shekara 4. Za ki karanci tsarin jikin ɗan Adam, da ilimin magunguna, da cututtukan ido, amma abin da ya fi ba ɗalibai wahala shi ne kimiyyar haske, wato yadda haske yake lanƙwasa idan ya ratsa gilashi ko ƙwayar ido. Wanda ba ya shiri da lissafi da fiziks zai sha wuya a nan.

Ko allon nan mai haruffa da ake sa mutum ya karanta, wanda likitan Holand Herman Snellen ya ƙirƙiro a 1862, lissafi ne a cikinsa: idan aka rubuta 6/60, ma'anarsa sai mutum ya matso mita 6 kafin ya karanta abin da lafiyayyen ido yake karantawa daga mita 60.

Batun raina tabarau kuwa, ban yarda da yayanki ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne suke da matsalar gani, kuma rashin samun gilashin da ya dace yana cikin manyan dalilan. Bayan haka, wanda ya zo neman tabarau sau da yawa a wajen mai awo ake fara gano yana da hawan jinin ido, cutar da take cinye gani daga gefe ba tare da ciwo ba, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Haka ma ɓarnar ciwon suga takan bayyana a bangon bayan ido, wani lokaci tun mai ita bai san yana ɗauke da ita ba.

Kafin ki cike takardar neman gurbi, ki tabbatar hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista ta amince da sashen jami'ar, domin ba tare da rajista ba ba za ki samu izinin duba marasa lafiya ba. Ki kuma nemi izinin zama kwana biyu a sashen ido na wani asibiti, ki ga yadda ake auna idon yaron da bai iya karatu ba tukuna.