Mai ciwon ƙoda zai iya cin zabo da fakara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Anguwar Rogo nake, a Jos. Mahaifina na fama da ciwon ƙoda mataki na 4, ba a fara masa wankin ƙoda ba. An hana shi jan nama, shi kuwa ba abin da yake so irin farfesun zabo da fakarar da wani abokinsa maharbi ke kawo masa. In ci gaba da dafa masa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya.

Zai iya ci. Zabo, fakara, kurciya da salwa ba su da kitse irin na rago, amma furotin ɗinsu bai gaza na naman sa ba, kuma dattin da furotin ke bari a jini ƙoda ce ke tace shi. Wanda bai shiga wanki ba, ana so ya tsaya tsakanin giram 0.6 zuwa 0.8 na furotin kan kowane kilo na nauyinsa a wuni. In Baba kilo 60 ne, bai wuce giram 48 ba ke nan, har da na tuwo, wake da ƙwai. Dafaffiyar tsoka giram 100 kaɗai ta cinye fiye da rabin wannan. Don haka ki yankar masa abin da bai kai tafin hannunsa ba, ban da yatsu, kuma ranar da ya ci kada a ƙara masa kifi ko ƙwai. Hanta a bar wa yara, sinadarin fosforas, wanda ƙoda mai ciwo ke kasa tacewa, ya yi yawa a cikinta.

Abin da ya fi damuna shi ne maharbin nan. Ki tambaye shi da me ya kama tsuntsun. Harsashin dalma yana farfashewa a cikin tsoka, ƙanana ƙwarai har ido ba ya gani, kuma dahuwa ba ta kawar da shi. Dalma guba ce ga ƙoda, tana kuma hawar da jini. Ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ta hanyar haƙar zinariya. Akwai kuma masu barbaɗa hatsi da maganin ƙwari su kwashi tsuntsaye. Ni da mahaifina ne, zabon gida ko salwar kiwo zan saya, a yanka a gabana.

Sai tukunya. Naman zabo tauri gare shi, na san hannu kan kai ga kanwa. Kada ki saka, sodiyam (sinadarin da ke cikin gishiri) ne fal a cikinta, kamar dunƙulen magi. Ki cire fatar, ki tafasa naman, ki zubar da ruwan farko, zai tafi da wani kaso na fosforas da fotasiyam, wani sinadarin da shi ma ke taruwa a jinin mai ciwon ƙoda. Sannan ki sake ɗorawa a wuta kaɗan-kaɗan da citta, tafarnuwa, albasa da masoro. Gishirinsa na wuni duka kada ya kai ƙaramin cokali ɗaya. Yajin ƙuli ma a ajiye shi. Kuma mu mutanen Jos da dankalin Turawa da tumatir sai Allah, amma in gwajin jininsa ya nuna fotasiyam ya hau, kada su shiga farfesun nan.

Ranar asibiti ki tafi da takardar gwajinsa ta ƙarshe wurin mai kula da abincin marasa lafiya, a auna masa daidai jikinsa. In an fara masa wanki, lissafin zai juya, don a lokacin ƙarin furotin zai buƙata, giram 1 zuwa 1.2 kan kowane kilo.