Uwar mijina tana zargina da sata: rikicin tsufa ne ko ciwo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a Talata Mafara tare da uwar mijina, wadda ta haura shekara 70. Kusan shekara biyu ke nan mantuwa ta kama ta. Takan ci abinci ta ce ba a ba ta ba, takan ɓoye kuɗinta ta ce ni na ɗauke, kuma da zarar la'asar ta yi sai ta ƙulle kayanta ta ce za ta tafi gidan mahaifinta, alhali ya daɗe da rasuwa. Wasu dangi sun ce rikicin tsufa ne, wasu kuma sun ce sammu ne. Ni kaɗai nake ɗawainiya da ita, kuma na gaji. Yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna sauƙi, ke kuma ya saka miki da alheri. Alamomin da kika zayyana sun yi kama da ciwon mantuwa, wanda likitoci ke kira dimenshiya. Ciwo ne da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma tsufa kaɗai ba ya kawo shi, shi ya sa za ki ga tsohuwa mai shekara 90 da hankalinta garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da shi a duniya, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in Alzhaima ne. Akwai wani nau'in da ke biyo bayan hawan jini, ciwon suga ko shanyewar ɓarin jiki, saboda toshewar ƙananan jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa.

Abu na farko shi ne a kai ta ga likita, domin ba a tabbatar da wannan ciwo ta wasiƙa. Ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa da illar wasu magunguna duk suna iya kawo ruɗewa irin wannan, kuma su ana magance su. Kuna iya farawa daga babban asibitin garinku, daga nan a tura ku Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato. Ku tafi da duk magungunan da take sha, har da na gargajiya, kuma ke ce ya kamata ki shiga wurin likita da ita, tunda ke kika san yadda take kwana da yadda take tashi. Magunguna irin su donepezil suna ɗan rage alamomin ga wasu, amma ba sa warkar da ciwon. Ina roƙonku kada ku sayo mata maganin barci a kemis, domin yana ƙara ruɗewa, yana kuma jawo faɗuwa da karayar ƙugu.

Zargin sata ya fi komai ciwo a zuciyar mai jinya, kuma ina so ki fahimci yadda yake faruwa. Inna ta ajiye kuɗinta a ƙarƙashin katifa, ƙwaƙwalwarta ba ta riƙe wannan ajiyar ba, sai ta duba haɓar zaninta ta ga babu komai. A wurinta kuɗi sun ɓace da gaske, kuma wanda ya fi kusa da ita shi zargi zai hau. Rantsuwa da musu ba za su gamsar da ita ba, sai dai su ƙara tayar mata da hankali. Ki ce mata, "Inna, zo mu duba tare," ki kuma lura da wuraren da ta saba ɓoye kaya, domin galibi ba su wuce biyu ko uku. Ya wajaba mijinki da 'yan'uwansa su ji wannan bayani daga bakin likita, don kada maganar mara lafiya ta zama sanadin ɓatanci a gidan aurenki.

Ƙulle kaya da la'asar ma sananniyar alama ce, domin ruɗewa takan ƙaru idan rana ta yi sanyi. Kada a ce mata mahaifinta ya rasu, saboda kowane lokaci za ta ji labarin kamar yau aka yi rasuwar. A tambaye ta labarin gidan, a ba ta fura ko kunu, a zauna da ita har abin ya lafa, kuma a kunna fitila tun kafin magariba. Idan tana iyawa, a bar mata tsintar wake ko ɓarar gyaɗa, a kuma bar carbinta a hannunta, domin karatu da addu'o'in da mutum ya haddace tun yarinta sukan daɗe ba su goge ba. A rufe bakin rijiya, a ɗauke kananzir da maganin ƙwari, kada a bar ta ita kaɗai a gaban murhu. A ɗinka lambar wayar mijinki a jikin mayafinta, a kuma sanar da maƙwabta, mai unguwa da 'yan kabu-kabun layinku halin da take ciki. Ɗaure ta ko kulle ta a ɗaki zalunci ne, ko da an yi da kyakkyawar niyya.

A lokacin zafin bazara ki riƙa miƙa mata ruwa ko ba ta nema ba. Batun azumi kuwa, ku haɗa shawarar likita da ta malami. Idan kuma cikin kwana ɗaya ko biyu ta rikice fiye da yadda kuka saba, ko ta kama yawan barci, ko zazzaɓi ya rufe ta, ku kai ta asibiti a ranar, domin sau da yawa maleriya ce ko ciwon mafitsara.

Gajiyarki kuma ba laifi ba ce, kuma ba rashin imani ba ce. Wannan jinya tana ɗaukar shekaru, kuma haƙƙi ne da ya rataya a wuyan 'ya'yanta kafin ke. Mijinki ya tara su a yi magana ƙarara: wa zai zo ya kwana da ita a wace rana, wa zai ɗauki kuɗin magani, wa zai kai ta asibiti. Ya fi kyau su riƙa zuwa inda take maimakon a riƙa yawo da ita gida-gida, domin sauyin wuri yana ƙara mata ruɗewa. Ki samu aƙalla yini ɗaya a mako da za ki huta ko ki ziyarci danginki. Idan kin ga barci ya ƙaurace miki, ko kina yawan kuka, ko kin fara jin za ki ɗaga mata hannu, ki gaya wa likitan a ranar da kuka kai Inna, domin ke ma a duba ki.